Lasisin Tuƙi: A Jikin Direba Ake Son Sa

Ina gaishe da mutanen Shamaki da Tudun Wada, da duk wanda muryata ta kai gare shi a cikin garin Gombe da kewayenta. Direban da ke kan hanya yanzu, saurara da kunne, ka bar idonka a kan titi. Uwargida da ke tsakar gida, maganar nan ta shafe ki, domin da wuya a rasa mai fita da abin hawa daga gidanki kowace safiya.

Yau a kan lasisin tuƙi za mu yi magana. Ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba. Amma rashinsa a jiki kan cinye wa mutum yini guda, ya haɗa da kuɗin cefanen mako. Ga abin da nake so mu riƙe tun daga farko. Lasisi a jikin direba ake son sa. Wanda aka bari a gida, ko a aljihun rigar jiya, ba ya amsa tambayar jami'i a bakin titi.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muke kira 'yan Rod Sefti, an kafa ta ne a shekarar 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. A shekarar 2007 majalisa ta yi mata sabuwar doka. Dokar ta ba jami'anta ikon tsayar da mai tuƙi, su ce ya nuna lasisinsa. Hukumar tana da jadawalin laifuffukan hanya, kowane laifi da tararsa. A jadawalin da ta daɗe tana aiki da shi, laifin lasisi tararsa Naira 10,000 ce. Ninki biyar ke nan na tarar wanda bai ɗaura bel ba. Bayan kuɗin kuma, ana rubuta wa direba makin laifi. Idan makin ya taru, ana iya dakatar da lasisin mutum, ko ma a janye shi.

Yaya abin yake kasancewa a kan titi? An ɗaga maka hannu. Ka faka. An ce, Malam, lasisi. Ka laluba aljihun gaba, babu. Ka laluba na gefe, babu. Ka buɗe aljihun mota, takardun mota kaɗai ke ciki. Daga nan sai jami'i ya rubuta maka takardar laifi. Sau da yawa a riƙe abin hawan har sai ka biya. Biyan kuma ba a hannun jami'i ake yin sa ba. Asusun gwamnati ake turawa, ta banki, a ba ka rasit. Idan motar ta wuce kwana ɗaya a tsare, kuɗin ajiya ya fara hawa. Idan kuma ranar kotun tafi-da-gidanka ce, a nan take za ka tsaya gaban alƙali. Wanda yake ganin an zalunce shi, doka ta ba shi damar ya ƙi amsa laifin, a je kotu.

To, ku duba mini mai Keke Napep ɗin da ya ɗauko ɗalibai zai kai su ƙofar Jami'ar Jihar Gombe. Keken ba nasa ba ne. Da yamma mai keke yana jiran balas ɗinsa. An tsayar da shi da hantsi, babu lasisi a jikinsa. Fasinja sun sauka, sun tari wani. Shi kuwa ya shiga zarya, daga ofis zuwa banki, daga banki zuwa ofis. Kafin ya karɓo kekensa la'asar ta yi. Tara ta tafi da 10,000. Aikin yini ya tafi. Balas yana nan yana jiransa. A gida kuma ana jiran cefane. Duk wannan a kan katin da ko minti ɗaya ba zai ɗauke shi ba wajen sakawa a aljihu. Shi ya sa nake maimaitawa, lasisi a jikin direba ake son sa.

Yanzu kuma mu saurari abin da direbobi ke faɗa, domin suna da ta cewa.

Wani zai ce, ni fa tun ina yaron mota nake riƙe sitiyari. Na kai Legas, na kai Fatakwal, ban taɓa buge ko akuya ba. Me kati zai ƙara mini? Ɗan'uwa, na yarda da kai. Akwai direbobi a Tashar Dukku da Tashar Dadin Kowa da suka fi wasu masu lasisin sanin mota nesa ba kusa ba. Amma jami'in da ya tsayar da kai bai san ka ba. Bai san ubangidan da ya koya maka ba. Fasinjan da ta shiga motarka da goyo a bayanta, ita ma ba ta san ka ba. Abin da zai tsaya maka shaida a gabansu shi ne wannan katin.

A da, garin nan kowa ya san kowa. An san ɗan gidan wane, an san wanda ya koya masa mota. Wannan zamanin ya wuce. Tun da aka yanke jihar Gombe daga Bauchi a shekarar 1996, garin ya zama babban birni, ya yi ta faɗi. An buɗe jami'ar jiha a nan Tudun Wada a 2004, ɗalibai suka cika unguwa. 'Yan'uwanmu daga Borno da Yobe sun zo sun zauna da mu a shekarun tashin hankali. Ga shi kuma Gombe mahaɗar hanyoyi ce. Ta Bauchi ta shigo. Ta Yola ta biyo ta Kaltungo da Billiri da Kumo. Ta Biu ta biyo ta Dadin Kowa. Tirelolin siminti suna gangarowa daga Ashaka, manyan motocin hatsi suna fita daga Tudun Hatsi. A cikin wannan cunkoso ɗan makaranta yake tsallaka titi. A cikinsa tsohuwa take tafiya asibiti. Ba mai iya tantance direbobin nan ɗaya bayan ɗaya da ido. Dole a sami wata shaida da kowa zai yarda da ita.

Babu uban da zai miƙa ɗansa ga wanda bai san ko ya koyi aikin allura ba, ya ce ga shi ka tsira masa. To, ran da ke cikin mota ya fi ɗaya. Na gefen titi ma suna hannun direba.

Ga kuma inda zan juya maganar, in fuskanci hukuma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mutum biyu ne aka tsayar, babu lasisi a jikin kowannensu. Na farko ya je makarantar koyon tuƙi, an gwada shi, an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ya biya kuɗin gwamnati. Sauri ne kawai ya sa ya canja riga ya bar katin a gida. Na biyu kuwa bai taɓa taka ƙofar ofishin lasisi ba. Bai san ma'anar farin layin da ke tsakiyar titi ba. A bakin hanya, sau da yawa, takarda iri ɗaya ake rubuta musu, tara iri ɗaya. A ganina wannan bai dace ba. Mantuwa daban, ganganci daban. Na farko sakaci ya yi da aljihunsa. Na biyu da rayukan mutane yake wasa.

Wasu ƙasashen sun raba wannan tun tuni. A Ingila, idan ɗan sanda ya nemi lasisinka ba ya jikinka, ana ba ka kwana 7 ka kai shi ofishin 'yan sanda. Ka kai, magana ta ƙare. A Jamus, wanda ya manta nasa a gida tarar Yuro 10 kawai zai biya. Amma wanda ya hau titi ba shi da lasisin kwata-kwata, babban laifi ya yi, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara guda. Ku lura da wannan tazarar. A Indiya kuma, tun shekarar 2018 gwamnati ta umarci jami'an hanya su karɓi lasisin da direba ya nuna a cikin manhajar gwamnati da ke wayarsa.

Mu ma muna da abin da za a yi wannan da shi. Tun shekarar 2011 aka fito da sabon lasisi mai ɗauke da hoto da zanen yatsu. Sunan duk mai lasisi na gaskiya yana cikin rumbun bayanan hukuma. Da lambar lasisi da ranar haihuwa ana iya dubawa a gane na gaske ne ko na bogi. Saboda haka ina kira ga hukuma, a ba mai mantuwa dama. A duba sunansa a na'ura. Ko a ba shi wa'adi ya je ya kawo. Idan an ga dole sai ya ɗanɗana, a yi masa tara mai sauƙi. A ajiye hukunci mai nauyi domin wanda ya cancance shi. Yin haka zai sa mutane su ga amfanin yin lasisin. Domin idan mai shi da marar shi duk hukuncinsu ɗaya ranar da aka tsayar da su, wani zai ce to me ya sa zan wahalar da kaina?

Sai dai, masu saurare, ku ji ni da kyau. Wannan kira ne nake yi, ba doka nake karanta muku ba. Kafin a gyara, abin da ke ƙasa shi ne abin da ke ƙasa. Hoton lasisi a waya yana da amfani, ku ɗauka ku ajiye, zai taimaka ranar da katin ya ɓace. Amma kada ku dogara da shi a bakin titi. Haka ma kwafin da aka yi a shagon hoto. Na ainihin ake tambaya. Lasisi a jikin direba ake son sa.

Akwai wasu bayin Allah kuma da laifin ba nasu ba ne. Su ma sai an faɗi tasu. Mutum ya bi duk ƙa'ida. An ɗauki hotonsa, an ba shi lasisin wucin gadi na kwana 60, an ce kafin ya ƙare na dindindin zai fito. Kwana 60 ya wuce. Wata uku, wata shida, yana ta sintiri, ana ce masa bai iso ba. Shugabannin hukumar da kansu sun amsa cewa an samu tarin lasisin da ba a buga ba, kuma sun yi alkawarin magance shi. To, wanda jinkirin ofis ya riƙe, bai kamata a ci shi tara a titi ba. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Shawarata ga mai irin wannan hali, kada ka yar da takardar wucin gadin. Ka riƙe ta tare da rasit ɗin biyan kuɗinka. Idan wa'adinta ya cika, koma ofishin da aka ɗauki hotonka, ka nemi a sabunta maka ita. Kuma ka riƙa leƙawa. Hukumar ta sha yin shelar cewa akwai lasisi masu yawa da aka buga, suna jibge a ofisoshin jihohi, masu su ba su zo sun karɓa ba. Wataƙila naka yana ciki.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Masu tuƙi babu lasisin ko kaɗan.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancinsu 'ya'yanmu ne. Doka ta ce sai mutum ya cika shekara 18 kafin a ba shi lasisi. Amma ku tsaya a bakin titi a unguwar nan da yamma, ku ƙirga yaran da ke kan babur. Wani ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Ya goyo ƙannensa biyu, yana ratsa tsakanin motoci. Wa ya ba shi makulli? Mu ne. Aike muka yi shi, ya sayo ƙanƙara, ko ya kai niƙa. Ranar biki ko ranar Sallah kuma, sai a ga samari sun ɗauko motocin iyayensu, ana wasa da su a tsakiyar jama'a, ƙura tana tashi, ana shewa. Uba yana gida, wani ma alfahari yake yi, wai yaron nan ya iya mota. Alhaji, juya sitiyari daban, sanin hanya daban. Yaron bai san tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya bayan an taka birki ba. Bai san cewa direban tirela ba ya ganin wanda ya manne masa a gefe ba. Waɗannan abubuwa koyar da su ake yi.

Haka abin yake a manyan motoci. Direba ya gaji, ya miƙa wa yaron motarsa, ya koma baya ya kwanta. Yaron yana da ƙoƙari, ba a musu. Ta haka manyan direbobinmu da yawa suka koya. Amma mota mai ɗauke da siminti ko buhunan masara, a gangare, cikin dare, ba wurin gwaji ba ce. Lasisi aji-aji ne. Na babur da Keke Napep daban, shi ne aji na A. Na ƙaramar mota daban. Na manyan motoci daban. Wanda ke da na ƙaramar mota ya hau tirela, a idon doka ba shi da lasisin wannan motar.

'Yan'uwana 'yan acaɓa da masu keke, ku ma dokar ta haɗa da ku. Da yawa suna ɗauka cewa lasisi na masu mota ne. Ba haka ba ne. Katin ƙungiya ba lasisi ba ne. Tikitin da kake yanka kowace safiya ba lasisi ba ne. Kowannensu da aikinsa.

Idan abu ya faru, sai mu ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Amma malamanmu, na masallaci da na coci, ba su taɓa koya mana cewa ƙaddara ta ɗauke wa mutum alhakin sakacinsa ba. A shari'ar Musulunci, ko kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere. Wannan fa kuskure ke nan. To, ina ga wanda ya san bai ƙware ba, ya hau titi? Ina ga wanda ya ba shi makullin? Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra sun nuna cewa a shekarar 2024 kaɗai, sama da mutum 5,000 ne suka rasu a haɗurran hanya a Najeriya. Waɗanda aka rubuta ke nan. Ban ce duk rashin lasisi ne ya kashe su ba. Akwai gudun wuce sa'a, akwai lalacewar hanya, akwai lodin da ya wuce kima. Amma duk wanda ya taɓa shiga sashen 'yan haɗari a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ya ga matasan da ke kwance da karaya, ya san maganar nan ba ta takarda ba ce kawai.

Ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ranar da aka yi haɗari, tambayar farko da ɗan sanda zai yi wa direba ita ce lasisi. Ko da kai aka buga, rashinsa zai raunana maganarka. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya idan ya gano wanda ke tuƙin ba shi da lasisi mai aiki. Sai asara ta zama biyu.

Daga nan sai mu leƙa wata ƙofar, ta lasisin da ake saya.

Kowa ya san zancen. Wani zai ce maka, kawo hotonka da kuɗi kaza, jibi zan kawo maka har gida. Ba makaranta, ba gwaji, ba ɗaukar zanen yatsu. Jama'a, hanyar lasisi a bayyane take, kuma hukumomi uku ne ke da hannu a ciki. Sabon direba zai fara da makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita. Jami'an VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, su gwada shi. Ya biya kuɗi ta hannun hukumar tara haraji ta jiha. Sannan 'yan Rod Sefti su ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Duk lasisin da aka kawo maka ba ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka ba, ka yi shakkarsa. Ranar da aka saka lambarsa a na'ura aka ga babu, kuɗinka sun tafi, ga kuma sabon laifi na yawo da takardar jabu. Wannan ya fi na farkon nauyi. Ɗan cuwa-cuwar da ya yi maka kuwa, ba za ka gan shi a kotu ba.

Na san za a ce tsada. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada, man fetur ya yi tsada. A tsakiyar shekarar 2025 an ƙara kuɗin lasisi. Na mota mai shekara uku ya koma Naira 15,000, na babur da keke kuma bai kai rabin haka ba. Sabon shiga yana da ƙarin kuɗin makaranta. Ga talaka wannan kuɗi ne, ba na raina shi. Amma mu yi lissafi tare. Tara ɗaya 10,000 ce. Idan aka kama ka sau biyu, ka biya abin da ya fi kuɗin lasisin shekara uku, kuma har yanzu ba ka da shi. Gobe ma gabanka zai faɗi idan ka hango jami'ai. Za ka yi kwana ba shiri, ka faɗa lungu da gudu, inda yara ke wasa. Haɗurra nawa ne gudun jami'ai ya jawo?

A nan ƙungiyoyi suna da rawar takawa. Shugabannin ƙungiyar direbobi, da na masu keke, da na 'yan acaɓa, ku kuka san mutanenku. Kuna iya shirya adashi domin lasisi. Kuna iya zama da hukuma, a ware rana, a kai mambobinku rukuni-rukuni, a gwada su, a yi musu. Gwamnatin jiha da masu hannu da shuni da ke raba wa matasa babura da kekuna, Allah ya saka da alheri. Amma a haɗa da horo da lasisi a cikin kyautar. Kada a miƙa wa yaro makulli a bar shi da titi.

Saura magana ɗaya mai ɗaci, kuma ba zan tsallake ta ba. Na goro.

An tsayar da mutum ba lasisi. Maimakon takarda, sai a koma gefe. Yallaɓai, a yi haƙuri, a duba mana. A dunƙule wani abu a miƙa, a wuce. Ba duk jami'ai ke karɓa ba. Akwai masu tsoron Allah, suna tsaye cikin rana tun safe, kuma su ne ke kwasar mutane idan an yi haɗari. Amma akwai masu karɓa, akwai kuma masu bayarwa, kuma masu bayarwar mu ne. Ku sani, yunƙurin ba jami'i cin hanci shi ma laifi ne mai zaman kansa a jadawalin hukumar. Ɓarnar da abin ke yi ta wuce kuɗin. Yaron da bai iya tuƙi ba ya biya ya wuce. Bai koyi komai ba, illa ya gano cewa doka tana da farashi. Gaba kaɗan zai haɗu da ɗan wani a kan hanya. Jami'in da ya karɓa, da wanda ya bayar, duk suna da kaso a abin da zai biyo baya. Idan ka yi laifi, karɓi takardarka, ka biya ta banki, ka riƙe rasit. Da zafi, na sani. Amma ka fita da mutuncinka.

Kafin in rufe, bari in gyara wata jita-jita. Wasu suna cewa ai kotu ta hana kama mota, saboda haka ba ruwan kowa da lasisi. Abin da ya faru shi ne, a watan Oktoban 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an VIO na Abuja ba su da hurumin tsayar da motoci, ko kwace su, ko cin tara. Ana kuma ta shari'o'i a kan iyakar ikon jami'an hanya. Wannan abu ne mai kyau, domin hukuma ma dole ta tsaya inda doka ta tsayar da ita. Amma shari'ar a kan wa ke da ikon kamawa ce. Ba ta ce a yi tuƙi babu lasisi ba. Wajibcin yana nan daram. Kada wani ya karanta maka rabin labari a waya, ka je ka yi gardama a titi.

Idan an tsayar da kai, faka a gefe da kyau. Yi sallama. Miƙa abin da aka tambaya. Idan kana ganin an yi maka ba daidai ba, duba sunan jami'in a ƙirjinsa, ka riƙe takardar da ya rubuta, ka kai ƙara ofishinsu ko kotu. Zagi da cin kwala ba su taɓa sakin mota ba, sai dai su ƙara laifi a kan laifi.

Masu saurare, ga roƙona a gare ku a daren nan. Maigida, kafin ka kwanta, ciro lasisinka ka duba ranar ƙarewarsa. Da yawa suna yawo da wanda ya mutu ba su sani ba, kuma a wurin jami'i wanda ya ƙare daidai yake da babu. Idan saura wata ɗaya, fara shirin sabuntawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sama masa wuri ɗaya tare da katin shaidarka, inda ba ka fita sai da shi. Uwargida, idan ya ɗauki makulli da safe, tambaye shi, Malam, lasisin fa? Hajiya mai tuƙa kanta zuwa aiki, idan kin canja jaka, ki tuna da shi. Mai mota ko mai keken da ke ba wani haya, ka ga lasisinsa da idonka kafin ka miƙa makulli. Iyaye, yaron da bai kai 18 ba, a aike shi da ƙafa ko a sa shi a keke, har lokacinsa ya yi. Idan kuma kuka tarar da haɗari a hanya, lambar kiran gaggawa ta 'yan Rod Sefti ita ce 122, kuma kyauta ce.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.